Digiri a Hannu, Izinin Aiki Fa? Sharhi Kan Ɗaliban Tasawa da Mayahi a Ƙetare

A gundumomin Tasawa da Mayahi, tafiya neman kuɗi tsohuwar sana'a ce. Da an gama girbi an zuba dammunan gero a rumbu, sai samarin Korgom da Hawandawaki da Maijirgi da Kanembakashe su ɗauki hanya, wasu Kano da Legas, wasu Agadas, daga can su faɗa Libiya ko Aljeriya. Cin rani yana da ƙa'idarsa da kowa ya sani: ka isa tukuna, ka sauka wurin ɗan garinku, shi zai nuna maka inda ake ga-ruwa ko dako ko aikin gini, kafin ruwan shuka ka aiko da abin da ya sawwaƙa ko ka dawo da kanka. A ƙidayar 2012 kowace daga cikin gundumomin nan biyu ta haura mutum 500,000, gonaki kuwa kullum raguwa suke wajen rabon gado, don haka babu mai mamakin wannan tafiya. Sai dai yanzu akwai wani rukunin matafiya da bai kai na farko yawa ba, amma iyaye sun fi ɗora masa buri: yaran da suka ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, suka sami gurbin karatu a Zariya ko Sakkwato, a Fas ko Rabat, a Madina ko Alƙahira, ƴan kaɗan kuma a Faransa ko Kanada. Da yawansu suna tafiya da niyyar idan sun gama su tsaya can su yi aiki.

Ra'ayina shi ne babban abin da ke kayar da waɗannan ɗalibai shi ne ɗaukar ƙa'idar cin rani su ɗora a kan digiri. Ɗan cin rani ƙarfinsa yake sayarwa a kasuwar da ba ta tambayar takarda. Mai digiri kuwa aikin da ya yi wa karatu, asibiti ne ko banki ko kamfanin gini ko makaranta, yana bayan ƙofar da doka ta rufe, kuma mabuɗinta ba ya cikin takardar shaidar da jami'a ta ba shi. Izinin karatu daban, izinin aiki daban, amincewa da digirin daban, lasisin sana'a ma daban. Ɗalibin da bai bincika waɗannan ba sai ranar da ya karɓi sakamako, ya makara da shekara uku ko biyar. Kuma makarar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin sau da yawa an sayar da sa ko an jinginar da gona kafin ya kai inda ya kai.

A duba ƙasashen da guraben karatu suka fi fitowa ta hannun hukumar tallafin karatu ta ANAB ko ta yarjejeniyar gwamnatoci. Maroko tana karɓar ɗaliban Afirka ta hannun hukumarta ta AMCI, karatun kuma mai kyau ne, musamman fannin injiniya da lissafin kuɗi da likitanci. Amma kamfanin da ke son ɗaukar baƙo aiki a Maroko sai ya samo takarda daga hukumar ANAPEC mai tabbatar da cewa an nemi ɗan ƙasa da zai iya aikin an rasa. Akwai ƙasashen da aka ɗauke wa wannan sharaɗi saboda tsohuwar yarjejeniya, su ne Senegal da Tunisiya da Aljeriya, kuma Nijar ba ta ciki. Shi ya sa ake ganin masu digiri na biyu daga ƙasashen kudu da Sahara sun ƙare a ofisoshin amsa wayar kwastomomi a Kasablanka, aikin da ke ciyar da mutum amma ba ya ƙara masa komai a fannin da ya karanta. Saudiyya ma haka: Jami'ar Musulunci ta Madina tana ɗaukar nauyin ɗalibi ne da manufar ya koma gida ya karantar, ƙasar kuma tun 2011 take tsaurara tsarin fifita ƴan ƙasa a wurin aiki. Aljeriya kuwa, duk ɗan Tasawa ya san abin da ake yi wa wanda takardar zamansa ta ƙare: a kwaso shi a mota a sauke a wurin da ake kira Fuwan Zero, ya taka kilomita 15 a cikin rairayi zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024. Waɗannan ƙasashe ba yaudara suka yi ba. Tun farko tallafin nasu na ka koyo ka koma ne, mu ne muke karanta shi da wata ma'ana.

Najeriya ita ce ta fi ruɗarwa, saboda ɗan Mayahi ba ya jin kansa baƙo a Katsina ko Kano. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga dangi ga surukai. Sai ya gama Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo, ya ɗauki takardunsa ya shiga neman aiki, a nan ne zai tarar ana tambayarsa takardar bautar ƙasa ta NYSC, wadda tun kafa ta a 1973 ta ƴan Najeriya ce kawai. Aikin gwamnati ya rufe ke nan, manyan kamfanoni da yawa ma haka. A da, kasancewar Nijar cikin CEDEAO yana ba shi ƴancin zama da neman sana'a. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake CEDEAO ta ce a ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirgar ƴan ƙasashen uku har sai an sake sanarwa, abin da ya rataya a kan sanarwa ba a gina rayuwar shekara talatin a kansa. Wanda ya ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024 ya san haka. Ga kuma lissafin kuɗi: tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta zube ƙwarai, har mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000, idan aka canza shi, bai kai jika 42 da doka ta yanka a Nijar ba. Jarabar da ke biyo baya ita ce a ce wa yaro ya nemi takardar zama ɗan wata ƙaramar hukuma a Katsina ko Jigawa ya wuce a matsayin ɗan ƙasa. Wannan shawara ce mai cutarwa, domin duk ranar da aka tono ta, aikin da digirin da mutuncin tare suke tafiya.

Ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa su ne suka rubuta hanyar daga karatu zuwa aiki a fili, amma hanyar gajera ce kuma tana yawan canzawa. Faransa tana ba wanda ya gama digiri na biyu katin wata 12 don neman aiki ko kafa sana'a, da sharaɗin aikin ya dace da karatunsa, albashin kuma ya kai mafi ƙarancin albashi da rabinsa. Sai dai ofishin jakadancinta a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, abin da ya sa samun bizar ma ya zama wani aiki. Jamus tana ba da wata 18, amma wanda bai iya Jamusanci ba watannin za su ƙare yana aika takardu babu amsa. Birtaniya ta buɗe izinin shekara biyu a 2021, ta kuma sanar za ta rage shi zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Amurka a Disamban 2025 ta saka Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar biza. Kanada ce ɗan Nijar yake da wani fifiko a cikinta, domin tun 2023 ta ware rukuni na musamman ga masu jin Faransanci da ke neman zama a wajen Kebek, izinin aiki bayan karatu kuma yana iya kaiwa shekara uku. Amma ita ma a 2024 ta ƙayyade yawan ɗalibai, ta ɗaga kuɗin da za a nuna a asusu zuwa dalar Kanada 20,635 ban da kuɗin makaranta. Gidaje nawa ne a Urafan ko Gidan Amumun za su iya nuna wannan? Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sauye-sauye sun faru a cikin shekarun da ba su kai tsawon karatun likita ɗaya ba. Wanda ya shiga makaranta da dokar bana, da wata dokar zai fito.

Masu karatun lafiya sun fi kowa buƙatar wannan gargaɗi, su ne kuma iyali suka fi sa wa rai. Likitan da ya yi karatu a wajen Najeriya ba zai taɓa majiyyaci a can ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN. A Faransa sai ya shiga gasar tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Tarayyar Turai, gurabenta kuma ƙidayayyu ne. Nijar tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda aka nemi ƙasashe masu arziki su daina zuwa ɗibar ma'aikatansu. Akwai kuwa wata ƙofa da ke kusa wadda ba a cika maganarta ba. Nijar har yanzu tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kuɗin sefa, wadda tun 2005 ta amince likitan wata ƙasa ya yi rajista ya yi aiki a wata, ta kuma yi irin wannan ga masu harhaɗa magunguna da masu zanen gine-gine da akantoci da lauyoyi. Sannan ga majalisar CAMES, wadda a Yamai aka kafa ta a 1968, cibiyarta tana Wagadugu, ita ke tantance digirorin jami'o'in ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Tambayar farko da ya kamata uba ya yi kafin ya biya kuɗin wata jami'a mai zaman kanta a Kwatano ko Lome ita ce ko CAMES da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Nijar sun san da wannan digiri. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri cikin ƴan makonni, kuma waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah sun sha wahalar tare da masu laifin.

To idan ƙofofin haka suke, me zai sa wata ƙasa ta buɗe wa ɗan Tasawa? Abu ɗaya ne: ya zo da abin da ba ta da shi. Tarihin Abdou Moumouni Dioffo, wanda a Tasawa aka haife shi a 1929, ya isa misali. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Paris, a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta a kimiyyar fiziks. Ya koyar a Dakar da Konakiri, ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa a kan makamashin hasken rana, ya yi aiki a Bamako daga 1964 inda ya jagoranci ɗakin binciken wannan fanni, sannan a 1969 ya dawo Nijar ya riƙe hukumar makamashin rana ta ONERSOL, daga baya ya shugabanci jami'ar Yamai da yau take ɗauke da sunansa. Za a ce zamaninsa daban, masu ilimi ƙalilan ne, kowace sabuwar ƙasa tana nemansu, kuma gaskiya ne. Amma a lura da abin da ya zaɓa: ya ɗauki abin da ƙasarsa ta fi kowa yawansa, wato rana, ya mai da shi fanninsa. A lura kuma da inda ya yi aikin ƙetaren: Senegal da Gini da Mali, ƙasashen da matsalarsu irin tamu ce.

Wannan hanya ba ta toshe ba. Sassaben zamani, wato barin kututturen gawo da sabara da kalgo su sake tofowa a gona, a jihar Maraɗi ya kafu tun shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo da manoman yankin, har aka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma yau ana koyar da shi a Habasha da wasu ƙasashe da dama. Buhun PICS mai ninki uku da ke hana ƙwari cin wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, an yi gwajinsa sosai a Maraɗi tare da masu bincike irin su Ibrahim Baoua. Ɗalibin aikin gona ko na ruwa ko na abinci mai gina jiki da ya tashi a Mayahi, ya san gero da wake da gulbin Kaba tun yana kiwon awaki, yana riƙe da ilimin da ɗan Liyon ko Toronto zai kashe shekaru bai samu ba. Idan ya ɗora masa digiri mai inganci, ya rubuta kundinsa a kan wannan maimakon ya kwaikwayi batun da ɗalibai dubu suka riga shi, cibiyoyi irin su AGRHYMET a Yamai, ICRISAT a Sadore, IITA da Cibiyar Nazarin Noman Yankunan Fari ta Jami'ar Bayero a Kano, ko 2iE a Wagadugu, su ne matakalar da ke kai mutum Dakar da Nairobi da Rum. Sai kuma harshe. Wanda ya yi firamare da sakandare da Faransanci, ya yi jami'a a Najeriya da Ingilishi, ga Hausa ya sha a nono, yana da abin da masu ɗaukar aiki a yankin Sahel ke nema ruwa a jallo. Amma sai ya tabbatar da shi da takardar jarrabawa irin su TCF ko IELTS, domin babu ofishin da ke karɓar "na iya" a matsayin shaida. Ba zan ɓoye ba cewa wannan matakala ta ƙara ƙunci: ƙungiyoyin agaji da suka horar da ma'aikatan lafiya masu yawa a Maraɗi tun yunwar 2005 sun rage ɗauka bayan rushe USAID a 2025, gwamnati kuma ta sallami wasu, har da ICRC. Duk da haka fari da tamowa da ƙwarin hatsi ba su tafi ko'ina ba, kuma duk mai neman maganinsu zai nemi wanda ya san su.

Akwai mai cewa wannan duk maganar masu zaɓi ce, ɗan talaka gurbin da ya faɗo masa shi yake kamawa. Na yarda, kuma ban ce kowa ya ƙi tallafin Maroko ko na Aljeriya ba. Abin da nake cewa shi ne ya karɓa da sanin me ya karɓa. Ko a cikin gurbin da ba shi ya zaɓa ba, shi ke zaɓen inda zai yi aikin koyon sana'a lokacin hutu, da batun kundinsa, da malamin da zai rubuta masa takardar shaida, da harshen da zai ƙara. Shi ne kuma zai iya tattara takardun sakamakonsa na kowace shekara ya sa a buga musu hatimi tun yana can. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya tarwatsa daga 15 ga Afrilun 2023, ciki har da na Jami'ar Afirka ta Khartum, sun ga yadda shekarun karatu ke zama abin jayayya idan babu takarda a hannu.

Wani kuma zai ce, a gida me ke jiransa? Bautar ƙasa ta shekara biyu, sai koyarwar kwantaragi da albashin da kan yi jinkiri, sai jiran gasar ɗaukar ma'aikata da ba a san ranarta ba. Ai gara ya ɓuya a can ko ba takarda, tunda ma an soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, hanyar Agadas ta buɗe. Wannan hujja tana da nauyi, domin zaman kashe wando bayan digiri ciwo ne na gaske, kuma gorin da ake yi wa mai shi a majalisa ya fi yunwa zafi. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Soke dokar a Nijar bai canza komai a dokar Aljeriya ko Libiya ko Italiya ba. Mai digirin da ya zauna ba izini ya koma ɗan cin rani, yana gasa da ƙanensa da bai shiga aji ba a aikin da ƙanen ya fi shi juriya a kai, ilimin yana dusashewa, kuma tarihin ƙetare wa'adin biza yana bin fasfonsa duk inda ya nema daga baya. Shekara biyu ko uku na aikin gaske a asibitin gunduma ko a wani shirin noma, ko da kuɗin kaɗan ne, su ne abin da tsarin Kanada da manyan ƙungiyoyi ke ƙirgawa a matsayin ƙwarewa. Dawowa gida a kan lokaci sau da yawa ita ce ke barin ƙofar fita a buɗe.

Hujja ta uku daga ɗaya gefen take zuwa: me ya sa za a koya wa yara hanyar tafiya alhali asibitocin Mayahi da Tasawa suna kukan rashin likita, kuma da kuɗin talakawa aka koyar da su? Wannan tambaya ce ta adalci, kuma wanda ya sa hannu a kan alkawarin dawowa ya yi wa ƙasa aiki, wajibi ne ya cika. Sai dai ƙasar da ba ta ɗauki likitan da ta horar ba shekara da shekaru ba ta da bakin hana shi neman abinci. Kuma wanda ya fita da takardu cikakku shi ne ke iya zuwa gida duk shekara, ya aiko da kuɗi ta hanyar da aka sani, ya kawo kayan aiki, ya dawo da ƙwarewa idan lokaci ya yi. Wanda ya ɓuya ko jana'izar mahaifinsa ba ya iya zuwa, don ya san idan ya fita ba zai koma ba.

Nauyin bai kamata ya tsaya a kan yaro ɗan shekara 19 shi kaɗai ba. Iyaye su rage matsa wa ɗalibi ya fara aike tun yana aji biyu, domin wannan matsi ne ke tura shi aikin dare ba izini har ya faɗi jarrabawa ya rasa katin zama. Ga ɗalibai mata abin ya fi tsanani, tunda sau da yawa ana yanke maganar aure da ta inda za su zauna ba tare da an duba ko digirin ungozoma ko na harhaɗa magunguna da suka sha wahala a kai zai yi aiki a ƙasar mijin ba. Ƙungiyoyin ƴan asalin Tasawa da na Mayahi da ke Yamai da Kano da ƙetare suna da mutanen da suka bi kowace ɗaya daga cikin hanyoyin nan, kuma lokacin babban hutu, sa'ad da sakamakon bak ya fito ana cike takardun zaɓen fanni, shi ne lokacin da ya dace su zauna da ɗaliban ajin ƙarshe a makarantun sakandaren gundumomin biyu. ANAB ma tana iya haɗa kowane gurbin da ta sanar da shafi ɗaya tak mai bayyana ko ƙasar tana barin ɗalibi ya yi aiki bayan karatu, ko CAMES ta amince da digirin, da irin jarrabawar da ke jiran mai shi idan ya dawo ko ya wuce gaba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, wadda yawancin ƴaƴan yankin ke fara bi ta cikinta, ita ce wuri mafi kusa da za a buɗe ofishin irin wannan shawara ga masu shirin fita neman digiri na biyu.